Dashen Ƙoda: Gaskiya da Ƙarya a Hirar Dayi

A majalisar bakin kasuwar Dayi, da an ce wane ƙafafunsa sun kumbura, an sayar da masarar bana ana biyan wankin ƙoda, sai hira ta koma kan dashe. Wani dattijo zai gyara zama ya ce, "Ai wanda ya ba da ƙoda ya yi sallama da gona, ya yi sallama da haihuwa." Ƙanen mara lafiyan yana gefen tabarma yana ji, jikinsa ya yi sanyi.

Wannan maganar ce ta fi ci mini rai, don ba haka ba ne. Ƙoda biyu Allah Ya ba mu, kuma idan aka cire ɗaya, wadda ta rage takan ƙara girma ta riƙe aikin. Namijin da ya bayar yana haihuwa, mace ma haka, sai dai ita a ƙara sa mata ido lokacin goyon ciki. Abin da likita zai hana shi ne ɗaga buhu ko riƙe garma na kamar mako shida, sannan awon jini da fitsari duk shekara. Tiyata ce, tana da haɗarinta, shi ya sa ake tankaɗe da rairaya kafin a karɓi ƙodar mutum. Ba kuma sai an je Indiya ba, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana dashe tun 2002.

Masu cewa addini ya hana su ma sun yi kuskure. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta bayarwa da yardar mai ita, muddin ba za ta halaka shi ba. Sayarwa ce ta haramta.

Batun dillalan ƙoda kuwa gaskiya ne, kada kowa ya raina shi. A 2023 wata kotu a Landan ta ɗaure Sanata Ike Ekweremadu shekara 9 da wata 8 saboda kai wani matashi ɗan talla daga Legas don a cire masa ƙoda. Duk wanda ya zo wa saurayi da zancen miliyoyi da biza, a guje shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana cinikin sassan jiki, amma ta yarda a mayar wa mai bayarwa kuɗin da ya kashe wajen bayarwar.

A nan dangi ke da aiki. Ƙanen da ya kwanta don yayansa a tsakiyar damina, a biya masa kuɗin mota zuwa Kano, a kai hatsi gidansa, a kira gayya a nome masa gonarsa kafin ciyawa ta cinye masarar.