Takardar Haihuwar 'Ya Mace a Sule Tankarkar

A ƙauyukan Sule Tankarkar, ranar suna akan yanka rago a raba goro, amma sau da yawa sunan jaririyar ba ya isa littafin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, alhali dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa. Da yake UNICEF na tallafa wa aikin, wasu na ɗari-ɗari, wai Turawa ke son ƙirga mana 'ya'ya. To, littafin na Najeriya ne, takardar kuma a adakar uwa take kwana. Ita ke shaida shekarun yarinya a makaranta da gaban alƙali, ta tabbatar 'yar ƙasa ce a wannan bakin iyakar Nijar. Abin tsoron shi ne tallafin waje yakan yanke, don haka ya kamata ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin mai rajista, ya riƙa bin masu unguwanni yana karɓar sunaye.