Shin Ko Kun San? 'Yar Jakar Maiƙo Mai Kai Magani Har Cikin Ƙari

Shin ko kun san maganin sankara da ake kira doksorubisin ja ne wur, kuma asalinsa wata ƙwayar bakteriya ce da aka samo a turɓayar kudancin Italiya? Yana kashe ƙwayoyin sankara ƙwarai, sai dai ba ya ware su da masu lafiya. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo, in kuma ya taru a jiki sai ya raunana zuciya.

Don haka masana suka ɗura shi a lifosom, wata 'yar jaka mai ruwa a ciki, bangonta na maiƙo irin wanda ya lulluɓe ƙwayoyin jikinmu. Alec Bangham ne ya gano ta a Babraham, kusa da Kambirij a Ingila, cikin shekarun 1960. Faɗinta kamar nanomita 100 ne. Sai an jera wajen 1,000 kafin su kai kaurin silin gashi.

To, ta yaya take gane ƙarin? Ba ganewa take yi ba. Ƙari yana ƙera wa kansa jijiyoyin jini cikin gaggawa, sai su fito da ɓaraka suna yoyo. Jakar ba ta iya ratsa bangon jijiya mai lafiya cikin sauƙi, amma ta waɗannan ɓarakokin sai ta zurare, ta taru a can, ta saki maganin a hankali. Masana biyu 'yan Japan, Matsumura da Maeda, suka bayyana wannan a 1986. Ana kuma shafe bayanta da sinadarin PEG don kada hanta da saifa su cafke ta, sai ta kwana biyu tana yawo cikin jini.

A 1995 Amurka ta amince da Doxil, wato doksorubisin da aka ɗura a irin wannan jaka, don sankarar Kaposi da ke addabar masu ƙanjamau. Wannan sankara ta fi yawa a Afirka, abin da ke ci mini rai kuwa shi ne tsadar maganin ta sa da yawa daga masu ita ba sa samunsa.

Sai dai wani nazari na 2016 kan gwaje-gwajen dabbobi ya nuna kashi 0.7 cikin 100 kacal na irin waɗannan ƙananan masu dakon magani ke isa ƙarin. Zuciya dai ta samu sauƙi da Doxil, amma ga wata sabuwar wahala: tafin hannu da na ƙafa su yi ja, su kumbura, wani lokaci har fata ta saɓule.