Jiran da ke cinye lokacin masu ƙera manhajar wayoyinmu

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa tsayawa da mota cike da kaya a shingen duwan na Birnin Ƙonni ko na Ɗan Issa ya san cewa ba nisan hanya kaɗai ke cin riba ba, jira ma yana ci. To, masu rubuta manhajar da ke cikin wayoyinmu na salula su ma suna da irin nasu shingen, kuma abin da ke faruwa a can yana taɓa aljihunmu a nan.

Ga yadda abin yake. Mai rubuta manhaja yana rubutu ne da harshen da mutum ke iya karantawa, amma na'ura ba ta jin wannan harshe. Dole sai an fassara rubutun zuwa nata harshen, sannan a harhaɗa gutsattsarin su zama abu guda mai aiki. Wannan shi ne ginin manhaja. Ƙaramar manhaja takan ginu kafin ka kurɓi shayi. Babba kuwa, irin su Chrome ko Android, idan za a gina ta daga tushe a kan kwamfuta ɗaya, sai ta ci awoyi. Kuma duk sadda mutum ya gyara layi guda, sai ya sake gini kafin ya ga ko gyaran ya yi.

Tun a shekarar 1976 wani masani mai suna Stuart Feldman, a ɗakin binciken Bell Labs na Amurka, ya ƙirƙiro wata manhaja mai suna Make. Dabararta ita ce a duba lokacin da aka taɓa kowane fayil, a sake gina wanda ya canza da waɗanda suka dogara gare shi, sauran a bar su yadda suke. Tela ba ya warware riga duka don maɓalli ɗaya ya cire.

Amma da aikin ya girma, dubawar kanta ta zama nauyi. Kamfanin Google ya fito da Chrome a 2008, kuma cikin ƴan shekaru fayilolinsa suka haura 30,000. Ɗaya daga cikin ma'aikatan, Evan Martin, ya lura cewa idan ya canza fayil guda, sai ya jira daƙiƙa 10 kafin ginin ya ma fara. Wani zai ce daƙiƙa 10 har wani abu ne? A ce mutum ya yi gyara sau 100 a wuni, minti 16 da ɗoriya ke nan sun tafi, kuma ba shi kaɗai ke aikin ba. Mafi muni shi ne hankali: wanda ke tsakiyar lissafin bashi aka katse shi, ya san wahalar komawa inda ya tsaya. Sai Martin ya rubuta tasa manhajar, ya sa mata suna Ninja. Ya cire mata duk wani dogon tunani. Wata manhajar ce ke shirya mata jerin aiki tun da wuri, ita kuwa bin jerin kawai take yi. Jiran ya sauko ƙasa da daƙiƙa 1. Daga Android 7 na shekarar 2016, masu gina Android ma suka koma amfani da ita.

Akwai wasu dabaru biyu da suka fito daga Ostareliya a 2002. Andrew Tridgell ya yi ccache, wadda ke ajiye abin da aka riga aka fassara, in an sake buƙatarsa a ɗauko daga ajiya. Martin Pool kuma ya yi distcc, wadda ke raba aikin ga kwamfutoci da dama lokaci guda. Mu a nan gayya muke kiran wannan. Sai dai kowace da sharaɗinta. Gayyar kwamfuta tana son layin sadarwa mai ƙarfi, in ba haka ba aikawa da karɓowa su cinye lokacin da aka samu. Ajiya kuma tana son lissafi mai kyau, domin in aka ɗauko tsohon gutsure a matsayin sabo, an shigar da ɓarna ba tare da kowa ya sani ba. Shi ya sa ccache ba ta dogara da sunan fayil, sai ta auna abin da ke cikinsa.

To ina ruwan mai sayar da atamfa ko albasa da wannan? A 2015 aka gano wata kafa a cikin Android da aka sa wa suna Stagefright, wadda mugu zai iya bi ta saƙon MMS ya kutsa cikin waya. An ƙiyasta ta shafi wayoyi kusan miliyan 950. Bayan haka Google ya fara fitar da gyaran tsaro kowane wata. Chrome kuma ya rage tazarar sabon fitowa daga mako 6 zuwa mako 4 a 2021, sannan a 2023 ya koma fitar da gyaran tsaro kowane mako. Kowane gyara sai an gina shi, an gwada, an sake ginawa, sau da yawa. Wanda ginin ke ci masa wuni ba zai iya wannan gudu ba. Yau kuwa a cikin wayar nan muke tura kuɗi, muke ajiye sunayen masu bashi da hotunan takardun kaya.

A ganinmu, masu ginin sun rage nasu jiran ƙwarai, amma gyaran yakan maƙale a gaba. Wanda ya shafi Android sai ya bi ta hannun kamfanin da ya ƙera wayar, kuma wayoyi masu araha da na hannu da suka cika kasuwanninmu da yawansu an daina aika musu da gyara. Na Chrome ya fi sauƙi, domin ta Play Store yake zuwa kai tsaye. Saura ga mai waya: da yawa cikinmu mukan rufe sabuntawa don tsoron cin kati. Duk wanda ya samu wifi a Maraɗi ko Katsina ranar sarin kaya, ya buɗe Play Store ya sabunta, sannan ya shiga saitin wayar ya duba kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe da ta karɓa.