Lissafin da Ke Bin Gubar Gyada daga Gona zuwa Hanta

A shekarar 1997, wani kwamitin ƙwararru da ake kira JECFA, na haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya zauna kan wata tambaya: idan aka tsananta doka, aka rage adadin gubar aflatoksin da aka yarda a samu a abinci daga 20 zuwa 10, mutum nawa za su tsira?

Ashirin ɗin nan kashi 20 ne cikin biliyan, wato giram 20 na guba a cikin tan 1,000 na gyada ko masara. Ido ba ya ganinsa. Wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus ce ke fitar da gubar. Tana zaune a cikin ƙasa, tana kama amfanin gona idan fari ya galabaitar da shi, sannan ta yi ta yaɗuwa a rumbu idan an adana shi da danshi. Dafuwa ba ta kashe gubar, suya ma haka. Duniya ta san da ita ne bayan 1960, lokacin da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyada daga Brazil. Daga baya aka tabbatar tana haddasa ciwon dajin hanta ga ɗan'adam.

Ga mai saurin hukunci amsar a fili take: guba ce, a rage ta iya iyawa. Kwamitin bai tsaya nan ba. Ya yi abin da masana ke kira lissafin haɗari, wato bin diddigin cuta da alƙaluma tun daga abinci har jikin mutum. Buhu nawa ne cikin ɗari ke da gubar, kuma yaya yawanta? Giram nawa mutum ke ci a rana? Nawa ne nauyin jikinsa? Cikin masu cin wannan adadi, mutum nawa za su kamu? A tambaya ta ƙarshe ne aka ci karo da abin da ya sauya lissafin gaba ɗaya. Wanda ke ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, gubar ta fi yi masa illa kusan ninki 30 kan wanda ba ya ɗauke da ita. Hantar da ƙwayar cuta ta riga ta raunana, ita gubar ke yi wa kaca-kaca.

Da aka saka alƙaluman jama'a masu cin abinci irin na Turai, inda mutum ɗaya kacal cikin ɗari ke ɗauke da ƙwayar, sai aka ga rage iyakar daga 20 zuwa 10 zai hana mutum biyu kamuwa da dajin hanta a shekara, cikin mutum biliyan guda. Da aka saka na jama'ar da abincinsu ya fi gurɓata, kuma kashi 25 cikin ɗari ke ɗauke da ƙwayar, adadin ya tashi zuwa kimanin 300. Doka ɗaya, amfani daban-daban.

Duk da haka Tarayyar Turai ta ɗaure dokarta tamau: kashi 4 cikin biliyan ga gyadar da za a ci kai tsaye, alhali Amurka na kan 20. A 2001 masu bincike na Bankin Duniya suka ƙiyasta cewa matakin zai ceci abin da bai kai rai biyu ba cikin biliyan a shekara, amma zai jawo wa ƙasashen Afirka tara asarar cinikin dala miliyan 670. Wasu masana sun ce an zuzuta asarar, kuma sun kawo hujjojinsu. Wannan ma yana cikin amfanin lissafi: idan alƙaluma na kan tebur, kowa na iya duba inda aka yi kuskure, saɓanin hukuncin da aka yanke don tsoro kawai.

Sai dai akwai abin da ya fi asarar dala ciwo. Gyadar da aka ƙi saye ba ta ɓacewa. A dubi mai sana'ar gyada a ƙauyen Kano ko Maraɗi, tire a kan cinya, tana tsince ƙwayoyin da suka yamushe, da waɗanda suka yi baƙi, da waɗanda ƙwari suka huda. Hannunta na yin aikin da kimiyya ta tabbatar da amfaninsa, domin gubar takan taru ne a ƴan ƙwayoyi kaɗan. Amma ina tarkacen ke zuwa? Mai kyau ta tafi kasuwa, ragowar a sayar da araha ga mai matsar mai, ko a zuba wa kaji, ko ta faɗa miyar gidan. Idan an matse man, mafi yawan gubar a tunkuza take zama, tunkuzar kuwa ita ce ƙuli-ƙulin da yaro ke saye a bakin makaranta, ita ce ake dakawa a yajin tsire. Ke nan tsauraran dokoki a tashar jiragen ruwa na iya tace abincin mai kuɗi, su bar wa talaka gubar.

Kenya ta ga ƙarshen wannan hanya a 2004. Fari ya yi wa masara illa a gundumomin Makueni da Kitui, ruwa ya sauko lokacin girbi, aka adana hatsi da danshi. Mutum 317 suka kwanta, 125 suka rasu. Akasari masarar da suka noma da hannunsu ce, wadda babu jami'in da ya taɓa aunawa.

A nan ne rabi na biyu na aikin ke shigowa, wato auna zaɓi kafin yanke shawara. Gwamnati na da kuɗi ƙalilan da hanyoyi da yawa. Masana kan auna kowace hanya da ma'auni ɗaya: nawa za a kashe don dawo da shekara guda ta lafiya da cuta za ta cinye?

Wani gwaji da aka yi a ƙauyuka 20 na yankin Kindia a ƙasar Gini, wanda mujallar Lancet ta buga a 2005, ya nuna ƙarfin abubuwan da ake rainawa. A rabin ƙauyukan aka koya wa manoma tsince gyada da hannu, shanya ta a tabarma maimakon ƙasa, tabbatar da ta bushe ƙayau, zuba ta a buhun algarara mai shan iska, da ɗora buhunan a kan katako. Watanni biyar bayan girbi aka ɗebi jini. Alamar gubar a jikin waɗannan manoma ba ta kai rabin ta maƙwabtansu ba.

Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta ɓullo da wata hanyar, mai suna Aflasafe. Ƙwayar dawa ce da aka shafa wa irin fumfunar da ba ta fitar da guba. Manomi na watsa kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, sai fumfuna marar guba ta riga mai guba kama wuri. Gwaje-gwaje sun nuna raguwar gubar da kashi 80 cikin ɗari ko fiye. A 2010 Farfesa Felicia Wu da abokiyar aikinta suka ɗora hanyoyin biyu a sikeli, ta Gini a gyada da ta Najeriya a masara, suka ga dukkansu sun shiga sahun da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ɗauka mafi riba ga lafiyar jama'a.

Lissafi dai ba ya ganin abin da ba a saka masa ba. Na 1997 dajin hanta kaɗai ya ƙirga. Bayan shekara biyar, bincike a Benin da Togo ya nuna yaran da gubar ta fi yawa a jininsu sun fi tsumburewa. Haka kuma alƙaluman abincin Turai ba za su faɗi ƙuli-ƙuli nawa yaron Daura ke ci a mako ba, ko yawan kunun gyadar da ake sha a azumi. Wannan aiki ne na jami'o'i da hukumomin ƙasashen nan, kuma ya cancanci a ware masa kuɗi.

Abin da aka riga aka sani ma ya isa a fara aiki da shi. Ninki 30 ɗin nan na nufin ɗaya daga cikin manyan matakan kare mutane daga gubar gyada ba a gona yake ba, yana ɗakin haihuwa. Najeriya ta saka allurar rigakafin cutar hanta nau'in B a jadawalin yara tun 2004, kuma ta farko ta fi aiki idan an yi ta cikin awa 24 da haihuwa. A Arewa maso Yamma mafi yawan mata a gida suke haihuwa, jariri kuma bisa al'ada ba ya fita sai bayan suna. Saboda haka duk wanda zai zauna raba kasafin tsabtar abinci a wannan yanki, ya kamata ya kira unguwarzoma da ma'aikacin rigakafi su zauna tare da malamin gona, a lissafa kuɗin kai allurar har ɗakin mai jego a ranar farko.