Targaɗe wajen gudu

Idan kana shirin tseren kilomita 10, ka riƙa gudu sau 3 a mako, da sassafe, kana ƙara nisa kaɗan-kaɗan.

Rairayi da ramukan hanya sukan sa ƙafa ta gurɗe. In ka yi targaɗe a idon sawu, ka tsaya nan take. Ka naɗe ƙanƙara cikin tsumma, ka ɗora a wurin minti 15, sannan ka ɗaga ƙafar bisa matashi. Mutane da yawa sukan gasa wurin da ruwan zafi, alhali cikin kwana 2 na farko wannan ƙara kumburi yake yi. Idan ka kasa yin taku 4, ka tafi asibiti, domin wataƙila ƙashi ne ya tsage.

Kada ka koma gudu sai ka iya tafiya ba tare da jin ciwo ba.