Kati ɗaya, adireshi da yawa: dabarar da ke hana layin ofis yankewa

Duk kwamfutar da ke kan layin sadarwa tana da lambar da ake gane ta da ita, wato adireshin IP. Mutane da dama sun ɗauka katin sadarwa ɗaya, wanda ake soka wa waya, adireshi ɗaya kaɗai yake ɗauka. Ba haka ba ne. Kamar zaure ɗaya ne da magidanta biyu ke karɓar baƙi a cikinsa.

To mene ne amfanin? A ce kwamfutocin makaranta suna kan jerin 192.168.1, sai aka sayo sabuwar na'urar raba intanet mai lamba 192.168.0.1, kamar yadda yawancin na TP-Link suke zuwa. Kwamfutar ba za ta gan ta ba, don jerinsu ya bambanta. Idan ka sauya mata lamba, ka raba ta da firinta da sauran kwamfutoci, aiki ya tsaya. Mafita ita ce a ƙara mata adireshi na biyu, misali 192.168.0.10, ta riƙa magana da ɓangarorin biyu, ba sai an sayi wani kati ba.

A Linux, umarnin shi ne ip addr add 192.168.0.10/24 dev eth0, amma da an kashe kwamfutar ya goge, sai fa in an rubuta shi cikin saitin dindindin. A Windows kuwa, sai ka fara sa adireshin farko da hannu, sannan ka danna Advanced a saitin IPv4 ka ƙara na biyu.

Amma a kula. Adireshi biyu ba ya ƙara gudun intanet, tunda wayar ɗaya ce. Kuma idan ka ɗauki lambar da wata na'ura ke amfani da ita, dukansu biyu za su riƙa ɗaukewa.

Lambobin cikin gida masu farawa da 192.168 kyauta ne. Na waje, waɗanda duniya ke gani, su ne suka yi ƙaranci: IPv4 adireshi kusan biliyan 4.3 ne kacal, kuma hukumar IANA ta rabar da ragowar nata a Fabrairun 2011. A Afirka, AFRINIC mai hedikwata a Moris ce ke rabawa. A sabon tsarin IPv6 kuwa, abin ya zama ruwan dare: kowane kati yana da adireshin cikin gida mai farawa da fe80, ga kuma na fita waje.

Don haka kafin ka ƙara lamba, rubuta waɗanda ke aiki a takarda, ka liƙa kusa da na'urar.