Me ake nufi da tallafa wa mata masu binciken kimiyya?

Jama'a masu saurarenmu na Isawan da kewaye, da 'yan uwa da ke Kano, Agadas, Libiya da Abijan, kowace ranar 11 ga Fabrairu duniya na bikin mata da 'yan mata a fannin kimiyya, kamar yadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a 2015. To, mu nan karkara ina ruwanmu?

Da ruwanmu kuwa. Mai bincike shi ne ke gano irin hatsin da ke nuna da wuri idan damina ta gajarta, da dabarar kare wake daga ƙwari a ajiya. Irin aikin da ake yi ke nan a cibiyar INRAN ta Maraɗi da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Amma UNESCO ta ce a duniya, cikin masu bincike uku mace ɗaya ce kawai. Alhali a garuruwanmu mata ne ke ɗibar ruwa, su ke kiwon awaki, su ke jinyar yara. Wadda ta tashi cikin wahalar ta fi sanin inda ya kamata a bincika.

Akwai tallafi. Ƙungiyar OWSD, mai mazauni a Triyeste ta ƙasar Italiya, tana ɗaukar nauyin karatun digiri na uku ga mata daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, har da Nijar. Tana biyan kuɗin tafiya da na zama, mace ta je wata ƙasa mai tasowa ta yi bincikenta. AWARD kuma, a Nairobi, tana horar da matan Afirka masu binciken noma.

Sai dai fa duk wannan ba ya isa ga yarinyar da ba ta kai aji uku na kolej ba. UNICEF ta ce kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana yi musu aure kafin shekara 18. Wadda ta ci jarrabawa ma, sau da yawa sai ta tafi Mayayi ko Tasawa, a nemo mata mai masauki, ga abinci, ga littattafai. A nan ne da yawa ke tsayawa.

Kada a ce ba ya yiwuwa. Fadji Maina, haifaffiyar Damagaram, ta karanci ilimin ruwa har digiri na uku a Faransa, a 2020 ta fara aiki da hukumar NASA ta Amurka.

Don haka iyaye, idan malam ya ce ɗiyarku na da kan lissafi, a bar ta ta ci gaba. Ku kuma na waje, in za ku aiko da saƙo gida, ku ware na littafin ƙanwa da na masaukinta. Allah ya yi wa zuri'a albarka.